Wayar da Ta Ƙi Gane Sarkin Fawa

A Tungar Marke, garinmu da ke gefen hanyar Talata Mafara zuwa Maradun, kowa ya san Ɗanasabe ko bai so ba. Jikan mahauta ne gaba da baya, amma tun ranar da aka ba shi ƙafar akuya ya riƙe, ya ga jini ya sulale ƙasa, ya sallama wa wuƙa. Ya tafi Kaduna ya yi damina ɗaya yana tsaron rumfar cajin waya, ya dawo da baƙin tabarau da 'yar jaka a rataye, ya ce daga yau a riƙa ce masa Injiniya. Mu dai Ɗanasabe muka ci gaba da kiransa, ɗaya sunan shi kaɗai yake amfani da shi.

Ana nan sai labari ya fito cewa Hakimi zai naɗa kawunsa Atiku Sarkin Fawa. Sarautar gidansu ce. Mahaifin Atiku ya yi ta, da ya rasu ta fita zuwa wani gida, ta daɗe ba ta dawo ba. Wadda ta fi kowa jiran dawowarta ita ce Gwaggo, mahaifiyar Atiku, kakar Ɗanasabe. Ga shi kuma tana kwance a Bakura gidan 'yarta Kaltumi, ɓarin jikinta ya shanye, likita ya hana a ɗora ta a mota. Saƙo ɗaya ta aiko: ba ta son nama, ba ta son atamfa, so take ta ga ɗanta da rawani a ka kafin ta bar duniya.

Wannan saƙo ya hana Atiku sakat. Wayarsa 'yar ƙarama ce mai tocila, ɗaure da roba, ba ta san komai ba sai kira da amsawa. Yana zaune a rumfar mahauta ya yi tagumi, Ɗanasabe ya faɗo kamar an jefo shi.

"Kawu, wagga magana ai ta ƙare tun ba a hwara ta ba. Waya za a saye, wadda aka ganin mutum ciki. Ana ƙare naɗi, kai da hannunka, gaban jama'a, ka danna, Gwaggo ta gan ka awa kana gabanta."

Mu'awiya yana gefe yana wasa wuƙa. Tsohon mahauci ne, abokin Atiku tun suna yara, kuma bakinsa ya fi wuƙarsa kaifi. Ya ce, "Samarin garin ga nawa ad da irin wagga waya? A ari ta wani, a kira, a maida mai abinai."

"A ara? Baba Mu'awiya, Sarkin Hwawa guda da wayar aro? So kake mutanen Maradun su koma gida suna muna dariya?"

Nan ya taɓo inda yake mana ƙaiƙayi, don mu mahauta muna iya haƙuri da yunwa amma ba ma iya haƙuri da dariyar mahautan wani gari. Kafin a tashi ƙungiyarmu ta mahauta ta ɗauki nauyin wayar. Aka ce Ɗanasabe ya je ya zaɓo, Mu'awiya ya raka shi, don ba a sakin akuya a rumbu ba tare da mai kora ba.

Ranar Talata suka shiga kasuwar Mafara, suka tsaya shagon wani mai sayar da waya da ake kira Imrana. Imrana ya ga tabarau, ya ga jaka, ya ga yadda ake taku, ya san kasuwa ta zo masa har gida.

"Injiniya, sannu da isowa!"

Ɗanasabe ya waiwayi Mu'awiya. "Ka jiya? Ban hwaɗa mai ba, shi yag gane da kainai."

Imrana ya fara fito da wata baƙa mai kauri, gefunanta duk roba. "Wagga batirinta na kwana da kwanaki. Ƙara gare ta, ko cikin kasuwar shanu kana jin ta. In ta hwaɗi ruwa, ɗauko ka goge."

Mu'awiya ya jinjina ta a hannu. "To ai magana ta ƙare. Wagga ta mahauta ta."

"Wagga waya ta ko bulo?" in ji Ɗanasabe. "Kawu shi sa ta aljihu riga ta karkace? Mai da ta. Ta 'yan kabu-kabu ta."

Aka fito da ta biyu, madaidaiciya, rubutunta manya, ba ta da wani tarkace. Ɗanasabe ya juya bayanta.

"Idanunta nawa?"

"Biyu."

"Biyu? Awa ni da kai? To mi za ta gani wanda ba mu gani ba?"

Imrana ya yi murmushi, ya sunkuya can ƙasan akwatin gilashi, ya ɗauko ta uku da hannu biyu kamar jinjiri. Ruwan zinariya ce, gaba gilashi baya gilashi, siririya kamar yankan kilishi, idanu huɗu jere a ƙeya. Ya buɗe ta kamar littafi, ya naɗe, ya sake buɗewa. Ɗanasabe ya cire tabarau.

Mu'awiya ya ce, "Batirinta hwa?"

Imrana ya sosa ƙeya. "In an bi ta sannu tana kai la'asar."

"In ta hwaɗi hwa?"

"Ai ba a bari ta hwaɗi, Baba."

"In hannu na da kitse?"

"Ai ba a taɓa ta da kitse."

"To wa za shi riƙe ta? Mahauci na hwa muka saye ma ita, ba amarya ba."

Ɗanasabe ya ɗaga hannu. "Baba Mu'awiya, kai saniya kas sani. Da saniya munka zo saye, da ban buɗe baki ba. Wagga muka so. Sarki da rawani, waya da naɗi, abin ya dace."

Imrana ya ce su bari ya shirya musu ita kafin su tafi. Ɗanasabe ya fizge kwalin. "Kai sai da waya ka iya. Ni cikinta nis sani."

Washegari da safe ya kawo ta mahauta, lokacin Atiku yana tsakiyar fiɗa. Ya miƙa masa cikin taro don kowa ya gani. Atiku ya karɓa da hannun da ke naso da kitse, waya ta sulɓe kamar tarwaɗa, ta yi tsalle, ta faɗa daron kayan ciki. Ɗanasabe ya ƙwala ƙara, ya tsoma hannu ya zaro ta tare da hanji, sannan ya tuna abin da ya taɓa, ya yi luuu zai faɗi, aka tare shi. Da rigarsa ta shadda ya goge ta. Duk da haka bakin bai mutu ba.

"Kun gani? Ta hwaɗi cikin tumbi kuma tana aiki. Wace waya ka yin haka?"

"Waccan baƙar," in ji Mu'awiya.

Aka wanke wa Atiku hannu da toka da sabulu, aka zo wajen kulle waya. Ɗanasabe ya ce wayar sarki ba a buɗe ta da lamba kamar ta kowa, da zanen yatsa za a yi. Atiku ya ɗora babban yatsa, waya ta ƙi. Ya ɗora manuni, ta ƙi. Aka bi yatsun hannu biyu kaf, ba wanda ta yarda da shi, don mutumin da ya tashi da wuƙa a hannu tun yana yaro ba shi da sauran zane a yatsa, sai tabo kan tabo.

Mu'awiya ya ce, "Saura na ƙahwa. Tuɓe takalmi, Atiku."

"Ba a buƙata," in ji Ɗanasabe. "Wagga waya ta san huska. Kawu, zamna nan."

Ya zaunar da Atiku kan turmi, ya ja da baya, ya ɗaga wayar yadda masu hoto suke yi: idanu huɗun nan suna kallon Atiku, gilashin gaba yana kallon Ɗanasabe. Waya ta nuna a juya kai dama. Ya ce, "Kawu, yi haka," ya juya nasa kan dama a hankali don ya gwada masa. Ta nuna hagu, ya gwada masa hagu. Ta nuna sama, ya ɗaga haɓa ya gwada masa sama. Atiku, bawan Allah, yana ta juya wuya kan turmi, ita kuwa waya ta ƙaramin idon da ke gabanta take kallo, kuma wanda ke gabanta Ɗanasabe ne. Ta yi ƙara ƙit, ta haddace fuskarsa tsaf.

Aka zo gwaji. Ɗanasabe ya riƙe wa kawunsa wayar a gaba, ya leƙo ta kafaɗarsa don ya ga aiki, waya ta buɗe nan take. Muka yi kabbara. Mu ma a lokacin ba wanda ya gane, gaskiya ɗaya ce. Ya mayar da ita jaka ya ce shi zai adana ta har ranar naɗi, kada kitse ya sake taɓa ta. Ya hau babur ya je Bakura, ya samu wata malamar asibiti maƙwabciyar Kaltumi ta yarda za ta ba da aron wayarta a ranar, ya zuba lambarta a cikin sabuwar wayar, bai ba kowa ba.

Ranar naɗi ƙofar Hakimi ta cika ta batse. Mahautan Maradun sun zo da makaɗansu, na Bakura sun zo da nasu, kalangu yana amsa kalangu. A can Bakura kuwa tun hantsi aka jingina Gwaggo da matasai, ta sa aka ɗaura mata sabon kallabi, ta ƙi cin komai, matan unguwa sun cika ɗaki suna jira tare da ita.

Ɗanasabe bai ga wurin da ya dace da shi ba sai kan teburin masu lasifika, can ƙarshen fili. Ya karɓe makirfo daga hannun sanƙira da sunan zai yi sanarwa ɗaya, bai mayar ba. Ya ba Mu'awiya wayar ya kai gaba.

Aka zura wa Atiku babbar riga, wani dattijon fada ya naɗa masa rawani fari ƙal, ya ja masa amawali ya rufe baki. Aka yi addu'a, mata suka rangaɗa guɗa. Sai muryar Ɗanasabe ta cika gari.

"Jama'a a saurara! Yanzu za ku ga abin da ba a taɓa yi ba tun daga nan har Gusau! Sarkin Hwawa za shi dubi waya, ta gane shi, ta buɗe da kanta, shi gaida mahaihiyatai tana Bakura! Injiniya Ɗanasabe ya shirya, ba wani ba!"

Makaɗa suka tsaya. Atiku ya buɗe wayar ya dube ta. Ta yi ɗan kaɗawa, ta ƙi.

"Amawali na! Kawu, ja amawali ƙasa!"

Dattawan fada suka dubi juna. Atiku ya ja amawali ƙasa. Ta ƙi.

"Zuhwa ta! A share mai huska! Kawu, yi murmushi, ranan da murmushi ta san ka!"

Wani ya share masa fuska da hannun riga. Sabon Sarkin Fawa ya yashe haƙora gaban Hakimi da baƙi, yana yi wa gilashi murmushin dole. Daga ɓangaren mutanen Maradun aka fara jin ƙus-ƙus. Wani saurayi ya miƙo tasa wayar ya ce a kira da ita, aka tambayi lamba, lamba tana cikin wadda ta ƙi buɗewa.

"Na gano!" in ji lasifika. "Rawani na ba ta sani ba! Ranan kainai ba komi! A cire ma Sarkin Hwawa rawani!"

Ban taɓa jin fili ya yi tsit irin na ranar ba. Ko yaron goye a ƙasar nan ya san rawanin sarauta ba ya sauka a bainar jama'a sai in an tuɓe mai shi. Mutum ya yi shekaru yana jira, an naɗa masa ko zama bai gama yi ba, ga ɗan 'yar'uwarsa yana shela da lasifika a cire.

Mu'awiya ya daka tsawa, "Kai Ɗanasabe! Ka san abin da kaka hwaɗi?"

"Na ɗan lokaci na, Baba! Tana buɗewa shi mayar!"

Atiku ya dubi wayar, ya dubi rana da ta fara karkata, mun san Bakura yake tunani, da tsohuwar da ke jingine tun hantsi. Sai ya juya ya durƙusa gaban Hakimi.

"Ranka shi daɗe, a gahwarce ni. Rawani kai kab ba ni. Kan da anka naɗa ma shi, ita tab ba ni."

Ya sa hannu biyu ya ɗage rawanin ɗungurungum tare da hular, ya ɗora a cinya. Wallahi tausayinsa ya kama ni har na kau da kai. Ya ɗaga wayar da ƙwaryar kansa a waje, tana sheƙi a rana.

Ta ƙi.

Mu'awiya ya warce ta, ya keta taro yana ture mutane, ya isa teburin lasifika ya cusa wa Ɗanasabe ita a hanci. "Ga tsiyarka! Gyara ta ko in gyara ka!"

Ƙit. Waya ta buɗe, har makirfo ya ɗauki ƙarar.

Mu'awiya ya dube ta, ya naɗe, ya sake buɗewa ya nuna wa sanƙira, ta ƙi. Ya mayar wa Ɗanasabe, ƙit. Ya juya ga jama'a, shi ba ya buƙatar lasifika.

"Huskatai yas sa! Atiku na bisa turmi yana juya wuya, ashe wanga ɗan banza aka ɗauka!"

Mutanen Maradun suka kwashe da dariyar da muka sayi waya don gudunta. Ɗanasabe ya ga ƙasa za ta tsage da shi, ya ce bari ya rufe kunya da aiki. Ya danna kira da sauri, ya kara wayar a bakin makirfo. Aka ɗauka a Bakura, muryar Gwaggo ta fito a lasifika, sanyi-sanyi amma kowa ya ji.

"Kaltumi, mi an nan? Hancin wa nika gani?"

"Ni na, Kaka! Injiniya! Bari ki ga ɗanki!"

Ya juya idon wayar, idanu huɗun nan da ya zaɓa don su ga abin da ba a gani. Suka kuwa jawo Atiku kusa tsaf: durƙushe gaban Hakimi, kai ba hula, rawani a cinya, dogarai tsaye a kansa.

"Innalillahi! Sun tuɓe shi! Kaltumi, sun tuɓe min ɗa!"

Kukan matan Bakura ya ɓarke a lasifikar Tungar Marke. Ɗanasabe ya rikice, ya naɗe wayar, kira ya yanke. Ya buɗe ya sake kira, ba a ɗauka ba, ya sake, ba a ɗauka ba. Wa zai tsaya ɗaukar waya a ɗakin da ake salati?

Hakimi, dattijo ne mai sanyin magana, ya yafito dattijon fada ya mayar wa Atiku rawaninsa, ya gyara masa amawali. Sannan ya ce, "Tun da nika naɗi ban taɓa naɗa mutum sau biyu rana guda ba. Tashi, Sarkin Hwawa. Ka tahi Bakura yanzu tun rana na sama, ka kai mata kanka da kanka. Ku tahi da wancan mai hanci shi yi bayani."

Aka bar tukwanen shinkafa da balangu ba mai ci. Atiku ya hau bayan babur da babbar riga, hannu ɗaya dafe da rawani. Mu'awiya ya sa Ɗanasabe a tsakiya tsakaninsa da ɗan kabu-kabu don kada ya zame a hanya. Makaɗa suka bi, mu ma muka bi, har mutanen Maradun, don ba su yarda a ƙare wannan abu ba su gani ba.

Mun tarar ƙofar gidan Kaltumi an fara shimfiɗa tabarmi, maza suna shigowa jaje. Da suka ga wanda ake yi wa jajen ya sauko daga babur da rawani a ka, wasu suka miƙe da takalmi a hannu. Atiku ya sunkuya ya shiga ɗakin, ya durƙusa a bakin gado.

Gwaggo ta dube shi, idanunta jawur.

Wanda ya fara magana Ɗanasabe ne, daga bakin ƙofa, don irinsa ko a kabari sai ya ce shi ya zaɓi wurin.

"Kaka, kin dai ga dabarata. Cikin gilashi kinka so ki gan shi, ni na kawo miki shi har ɗaki. Wace waya ka yin haka?"

"Gaskiyarka, maigidana," in ji Gwaggo, da wasan da ke tsakanin kaka da jika. "Matso in sa ma albarka."

Ya gyara tabarau, ya ratso mata, ya durƙusa yana murmushi. Ta miƙa hannunta mai lafiya ta kama kunnensa. Matar mahauci ce da ta yi rayuwarta tana jan fata, ciwo bai taɓa wannan hannu ba. Ta murɗa har Injiniya ya kira sunan uwarsa, tabarau ya faɗi ƙarƙashin gado.

Ba ta daɗe ba ta sake shi. Hannu ɗaya gare ta, kuma tana da abin da ya fi kunnen Ɗanasabe da za ta yi da shi. Ta ce wa Atiku ya duƙo. Ta shafa rawanin tun daga goshi har ƙeya, ta bi naɗin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta ja amawalin ƙasa don ta ga fuskar gaba ɗaya. Hawaye suna bin kuncinta ta ce, "Na ubanka kullum a karkace yake. Naka ya zamna."

A waje kalangu ya ɗauka. Ta riƙe bakin rawanin, ba ta saki ba har aka kira magariba.